Histon: Ƙofar Ruwa a Cikin Jikin Ɗan Adam

Manomin rani a Kura ko Bunkure ya san ruwan madatsar Tiga ba ya shiga gonar shinkafa sai an ɗaga ƙofar magudana. Jikin mutum ma yana da irin wannan ƙofa.

A kusan kowace ƙwayar halittar jiki akwai zaren DNA mai tsawon kusan mita 2, wanda ke ɗauke da ƙwayoyin gado, wato umarnin gina jiki. Zaren yana naɗe ne a kan wasu furotin da ake kira histon, kamar yadda ake naɗe igiyar caja. Inda naɗin ya yi sako-sako, jiki na karanta umarnin. Inda ya matse, umarnin a rufe yake.

A shekarar 2012 masu bincike suka gano cewa a wata muguwar kansar ƙwaƙwalwa ta yara, ƙwayar gadon da ke ƙera histon H3 ce ta samu tangarɗa. Tubali na 27 kaɗai ya sauya, abin da ake kira H3K27M. Wannan ɗan sauyi yana hana rufe ƙofofin da ya kamata a rufe, sai ƙwayoyin su yi ta yaɗuwa ba tsayawa. Galibi ba gadonsa ake yi ba, a jikin yaron yake tasowa.

Cutar sikila, wadda aka sani sosai a Kano, gadonta ake yi, kuma tangarɗarta tana cikin ƙwayar gadon himoglobin, furotin mai ɗaukar iska a jini. Amma a nan ma akwai batun ƙofa. Ana haihuwar jariri da himoglobin na musamman mai hana ƙwayoyin jini lanƙwashewa. Bayan haihuwa, furotin BCL11A da wasu masu aiki a kan histon sukan rufe ƙofarsa, shi ya sa alamomin cutar kan bayyana wajen wata 6.

Maganin Casgevy, wanda Birtaniya da Amurka suka amince da shi a 2023, yana sake buɗe wannan ƙofa da fasahar CRISPR. Sai dai kuɗin da aka sanya masa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne.

Don haka gwajin jini kafin aure shi ne garkuwa mafi araha. Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na haifar SS. Babu manhajar waya da za ta maye gurbin wannan gwaji.