Hadarin Gabas: Inda Ya Fito da Inda Za Shi

Jama'a, kowane manomi a ƙasar Shagari da Bodinga ya san hadarin ƙwarai daga gabas yake tasowa. Ya kuma san a tsakiyar damina ruwa yakan zo ne da zango: a sha yau, a sarara kwana uku ko huɗu, sannan gabas ta sake haɗewa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne dalilin wannan zango, da kuma inda hadarin yake nufa idan ya wuce mu.

Ga yadda abin yake. Da damina hamadar Sahara da ke arewa da mu tana da tsananin zafi, can kudu kuwa iskar teku mai sanyi da laima ce ke shigowa. Wannan bambanci shi ke haifar da wata iska mai ƙarfi da ke gudu daga gabas zuwa yamma, sama da kawunanmu da misalin kilomita 3. Ba a miƙe take tafiya ba. Takan yi tudu da kwari kamar kunyoyin gona, kuma a cikin kwarin ne gajimare ke taruwa ya zama hadari. Masana yanayi suna kiran wannan igiyar iska. Takan ɗauko asali daga wajen duwatsun Habasha da Darfur, ta ratsa Cadi, ta bi ta kanmu da Nijar, ta nufi Mali da Sanagal. Wajen guda 60 ke wucewa a shekara, kuma tsakanin ɗaya da mai bi mata kwana 3 ne zuwa 5. Zangon ruwan nan ke nan da kakanninmu suka lura da shi tun babu ma'auni.

Idan ta bar mu, cikin misalin kwana 4 ta isa bakin teku a Dakar, ta faɗa Tekun Atlantika ta gefen tsibiran Cape Verde. Yawancinsu a can suke mutuwa. Amma wadda ta tarar da ruwan teku ya yi ɗumi, ya kai digiri 26 ko fiye, tana iya naɗewa ta zama mahaukaciyar guguwa. Mafi yawan manyan guguwowin da ke afka wa tsibiran Karibiyan da gaɓar Amurka daga irin wannan igiya suka samo tushe. A ranar 12 ga Satumba, 2017, wata ta bar gaɓar Afirka. Ranar 18 ga wata ta sauka a tsibirin Dominika da sunan guguwar Maria, ta kwashe rufin gidaje kusan duka, ta yi ɓarnar da ta ninka abin da ƙasar ke samarwa a shekara fiye da sau biyu. Mutanen Dominika gaba ɗaya ba su kai yawan na ƙaramar hukumar Shagari ba.

Saboda haka mutanen tsibiran nan ba su wasa da labarin igiyar, ko da ba ta zama guguwa ba. Ƙasarsu tsaunuka ce, ruwan 'yan sa'o'i ya isa ya zaftaro ƙasa ta binne ƙauye, teku kuma ta yi tambal-tambal da jiragen masunta. Akwai wata cibiya a birnin Miyami da ke fitar da bayani sau 4 kowace rana a lokacin guguwa, kuma tun hadari yana kan Afirka ta Yamma suke zuba masa ido ta tauraron ɗan Adam. Masuncin can yakan ji sanarwa a rediyo, ya janye jirginsa tudu tun sama tana garau. Abin kunya ne a ce wanda ke bayan teku ya san da zuwan hadarinmu mako guda kafin ya iske shi, mu da yake bi ta kanmu sai ƙura ta turnuƙe muke rugawa kwashe shanya.

Ba wai ba mu da masu faɗa mana ba ne. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, tana kuma ba da na kwanaki uku-uku. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET mai yi wa ƙasashen Sahel irin wannan aiki. Wasu sukan ce duba ne. Ba duba ba ne. Wanda ya hau tudu ya hango ayari ya ce gobe za su iso bai yi da'awar sanin gaibu ba, kuma yana iya kuskure. Ruwa na Allah ne, Shi ke saukar da shi inda Ya so. Marigayi Alhaji Shehu Shagari ma, tun yana malamin makaranta, ya tsara Waƙar Nijeriya don yara su san labarin ƙasarsu, to sanin iskar ƙasar ma yana cikin wannan karatu.

Yanzu sai haɗurran da ke tattare da hadarin. Na farko iska ce. Kafin ɗigon fari, za ka ji gari ya yi tsit da zafi, sai wata iska mai sanyi ta kaɗo da jar ƙura a gabanta. Wannan ita ke yaye kwano, ta karya darbejiya, ta tuge turakun lantarki. Lokacin gyaran rufi bazara ne: a ƙara ƙusa, a ɗaure azara da waya, a sare reshen da ya leƙo ɗaki. Gidan ƙasa kuwa maƙiyinsa malka ce ta watan Agusta, sa'ad da igiya ke bin igiya katanga ba ta samu ta bushe ba. A duba gindin bango. Idan ya jiƙe ya fara zubar da ɓarɓashi, ko tsaga ta bayyana kusa da indararo, kada a kwantar da yara a ɗakin nan ko dare ɗaya.

Aradu kuma, makiyayi da mai noma su ne a bakinta. Kada a fake gindin itacen da ke tsaye shi kaɗai a fili, a ajiye fartanya da galma. Idan ka ga walƙiya, ƙirga daƙiƙu har ka ji tsawa. Kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce tsakaninku.

Sai maganar ruwa, wadda ta fi ci mana rai. Ba a manta da Satumbar 2010 ba, da gulbin Rima ya cika ya batse daga Goronyo, ya cinye ƙauyuka da gonaki, ya yanke gadar da ke kai wa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Rafi yana iya kawo ruwa alhali a garinku ko yayyafi ba a yi ba, domin an sha shi a gabas. Ruwa mai gudu da bai kai gwiwa ba yana kayar da ƙato, balle mai babur da goyo. A nan gida kuma, cikin azumin 2022, kwale-kwale ya kife a ruwan Shagari da mutanen Gidan Magana, aka rasa rai 29, yawancinsu yara ne da suka fita neman itace. Ko damina ba ta faɗi ba a lokacin. To, ina ga ranar da iskar hadari ta tarar da jirgi cike maƙil a tsakiyar ruwa?

Aikin kiyaye irin wannan na masu gari ne da sarakunan ruwa. Duk ƙauyen da ke da mashigi ya kamata a sami mutum guda mai rediyo ko waya da aka ɗora wa sauraron hasashen yanayi, ya kai wa liman a sanar bayan sallar asuba. Ranar da aka ce ana sa ran hadari mai iska, a yi fito da hantsi a gama, a rage lodi, kuma da zarar gabas ta yi baƙi sarkin ruwa ya sa a ɗaure jirage har sai ta wuce.