DARASI NA 14: MAI KEKE DA GYARAN KEKENSA

A ƙasarmu ta Dangora keke shi ne jakin talaka. Da shi muke kai masara da rake kasuwar Kwanar Dangora. Da shi muke zuwa gonakin rani tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974. Amma mai faci ba a kowane ƙauye yake ba. Wanda tayarsa ta sace tsakanin Tudun Wada da Doguwa, shi ne mai gyaran kansa. Saboda haka ya kamata mu san gyara, mu kuma san yadda za mu yi shi ba tare da mun ji ciwo ba.

Wurin gyara

A Kwanar Dangora hanyar Kano zuwa Zariya ta haɗu da wadda ta bi ta dajin Falgore zuwa Jos. Manyan motoci ba sa yankewa dare da rana. Idan keke ya lalace a kan irin wannan hanya, kada mu tsuguna a bakin kwalta. Mu tura shi can gefe, mu nemi inuwa da wuri mai tauri. A gida kuma mu yi nesa da murhu. Mu tuɓe babbar riga, gama hannunta yakan shiga sarƙa.

Kayan aiki

Kowane noti da sifanarsa. Sifanar da ta yi wa noti yawa takan zame, hannu ya daki ƙarfe. Mu riƙa jawo sifana wajenmu, kada mu tura ta. Kada mu ɓanɓare taya da wuƙa ko sukudireba. Akwai ƙarafan cire taya masu dakusasshen baki, kuma ba su da tsada.

Fedar hagu bauɗaɗɗiya ce. Inda ake juya sauran notuna a ɗaure su, nan ake juya ta a kwance ta. Wanda bai san haka ba zai yi ta kokawa da ita har sifana ta kuɓuce masa.

Sarƙa

Sarƙa da haƙoranta ba su san yatsa ba. Kada mu goge sarƙa da tsumma alhali ƙafar keke tana juyawa. Tsumma zai shiga, ya ja yatsa. Idan mun kifa keke, yara sukan zo su juya feda don wasa. Mu kore su tukuna, sa'an nan mu sa hannu.

Mu wanke sarƙa da kananzir, ba da fetur ba. Tururin fetur yana kama wuta tun daga nesa. Mai shan taba ya kashe ta kafin ya fara.

Faci

Sholisho ma yana kama wuta, warinsa kuma yana bugar da mutum, yana lalata ƙwaƙwalwa. Mu yi faci a sarari inda iska take. In mun gama, mu rufe shi, mu ɓoye inda yara ba za su kai ba.

Kafin mu mayar da tub, mu duba cikin taya a hankali, mu cire ƙayar da ta huda ta. Mu tabbata bakin taya bai danne tub ba. Kada mu cika iska fiye da kima, balle a watannin bazara. Zafin rana yana kumbura iska, taya ta fashe ana cikin tafiya.

Birki

Nan ne babbar magana. Ciwon da mutum ya ji a wurin gyara yakan tsaya a yatsa. Amma gyaran birkin da bai yi daidai ba yana iya cin rai, kuma ba ya nuna kansa sai a gangara.

Robar birki takan cinye. In ta kusa kai wa ga ƙarfe, mu sake ta. Gidan robar a kekunanmu na dā, irin su Raleigh, yana da baki biyu, ɗaya a toshe, ɗaya a buɗe. In an kama birki, ƙafar keke tana jan robar zuwa inda take juyawa. To, bakin da ke toshe shi ne zai tare ta a can. Wanda ya juya shi baibai, ranar da ya kama birki da ƙarfi robar za ta fice, ya ji hannunsa wayam.

Mai abokin sarƙa ne, amma maƙiyin birki ne. Ɗigo ɗaya a kan da'irar ƙarfen da roba ke kamawa ya isa ya sa birki ya yi santsi. In ya ɗiga, mu goge shi sarai. Ruwan sama ma haka yake yi. Da damina mu fara kama birki tun da nisa, musamman a gangaren duwatsun Riruwai. Keken da ya ɗauki buhun masara kuwa ba ya tsayawa da wuri kamar wanda ba kaya.

Abin da ya fi ƙarfinmu

Idan jikin keke ya tsage, ko ƙarfen da ke riƙe da ƙafar gaba ya lanƙwashe, kada mu ɗaure da waya mu ce ya yi. Mu kai wa masu sana'ar. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Idan an ji ciwo

Mu wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu, mu rufe da ƙyalle mai tsabta. Kada mu zuba ƙasa, ko toka, ko baƙin mai. Ƙwayar ciwon sarƙewar haƙora tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, ta rauni take shiga jiki. In raunin mai zurfi ne, mu je ɗakin shan magani a ranar, a yi mana allura.

Gwaji

Gyara bai ƙare ba sai an gwada. Kafin mu hau, mu yi abu huɗu:

1. Mu ɗaga keke kaɗan mu sake shi. Abin da ya yi ƙara, bai ɗauru ba.
2. Mu matse ƙafar gaba tsakanin gwiwoyinmu, mu murɗa kan keke. Kada ya motsa.
3. Mu kama birkin gaba mu tura, sa'an nan na baya. Kowanne ya tsai da keke.
4. Mu zaga fili sau biyu, ba kaya, ba goyo.

Sai bayan haka za mu ɗora buhu, ko mu goya yaro.

Tambayoyi

1. Don me ba a wanke sarƙa da fetur?
2. Ina bakin gidan robar birki da ke toshe zai duba?
3. Me za mu yi idan ƙarfe ya yanke mu?
4. Ku rubuta abu huɗu da ake yi kafin a hau keken da aka gyara.