Fara da umarnin da ka riga ka sani

'Yan'uwa, da yawa cikinmu muna azumi da addu'a muna roƙon Ubangiji ya bayyana mana nufinsa, alhali akwai umarnin da ya daɗe a gabanmu ba mu taɓa shi ba. Wannan yana damuna ƙwarai.

Ku buɗe 2 Sarakuna sura 5. Na'aman, shugaban sojojin Suriya, ya zo wurin annabi Elisha da kuturta. Elisha bai ko fito ba, sai ya aika masa cewa ya je ya yi wanka sau 7 a Kogin Urdun. Na'aman ya fusata, domin a ganinsa Abana da Farfar, kogunan Dimashƙu, sun fi Urdun nesa ba kusa ba. Barorinsa ne suka lallashe shi. Umarnin bai yi masa wuya ba, raina shi ya yi, kuma sai da ya shiga ruwan ya warke.

To, kai ma duba naka. Wanda kuka ɓata da shi, je ka same shi kafin ka kai baikonka ranar Lahadi, kamar yadda Yesu ya koyar a Matiyu sura 5. Bashin da ake binka, fara biya ko da kaɗan-kaɗan ne. Kada ka jira sai zuciyarka ta so, don wani lokaci sai ƙafa ta tashi sannan zuciya ta biyo.

Amma mafarki ko wani “annabci” da zai sa ka bar aiki ko ka daina shan magani, kada ka yi gaggawa. Auna shi da Littafi Mai Tsarki, ka kuma kai shi gaban fasto da dattawan ikilisiya tukuna.