Darasin Lafiya: Me Bincike Ya Nuna Kan Magungunan Gida?

 Da yawanmu mun baro gida ba mu ɗauko komai ba sai sanin maganin da muka gada wurin iyaye, kuma ba mu raina shi ba. Amma a wurin aikin fassara muna ganin yaran da ake kawowa asibiti a makare, bayan an kwana uku ana ba su jiƙo. Shi ya sa muka kawo muku abin da masana suka gwada.

Na ɗaya, tazargade. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba mu, irin su Coartem, asalinsa daga wani nau'in tazargade ne. Tu Youyou, 'yar ƙasar Sin, da abokan aikinta ne suka ciro sinadarinsa a 1972, har ta samu kyautar Nobel a 2015. Sai dai ƙwayar asibiti an auna ta, an haɗa ta da magani na biyu. Shayin ganye kuwa ba wanda ya san ƙarfinsa. Yana iya rage zazzaɓi ya bar cutar cikin jini, har ta saba da maganin. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a yi maganin wannan cuta da shayin ganyen. A yi gwajin jini, a sha ƙwaya kwana 3 cur.

Na biyu, zuma. An gwada, an ga tana sassauta tarin mura ga yara. Amma kada a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai shanye jikinsa.

Na uku, gudawa. Abin da ke kashe yaro shi ne ƙarewar ruwan jiki. A zuba ƙunshi 1 na garin ruwan gishiri da sukari cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14. A ci gaba da ba shi nono.

Na huɗu, zogale. Abinci ne mai gina jiki, a sa shi a miya da kwaɗo. Amma ba ya maye gurbin maganin hawan jini ko ciwon sukari, ko abincin asibiti na yaro mai tamowa.

In yaro ya ƙi nono, ko yana jijjiga, ko yana aman duk abin da ya sha, ko numfashinsa ya yi sauri, a kai shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Ku faɗa wa malamin asibiti duk abin da kuka ba shi, ku zo da ganyen ko kwalbar in da hali, domin wasu jiƙe-jiƙen ba sa haɗuwa da ƙwaya. Wanda yake buƙatar mai fassara ya neme mu. Allah ya ba mu lafiya.