Bayan An Rage Ƙiba: Yadda Iyali Za Su Hana Ta Dawowa

Gabatarwa

Manomin da ya share gona ya yi shuka bai gama aiki ba tukuna. In ya rataye fartanya ya tafi hutu, kafin mako uku ciyawa ta shaƙe masara. Haka yake ga mutumin da likita ya gargaɗe shi saboda hawan jini ko ciwon sukari, ya yi watanni yana fama har ya rage kilo 10. Ranar da ya hau sikeli ya ga ya kai inda yake so, gida yakan cika da murna. Amma mutane da yawa, kafin shekara biyu ko uku, sukan tarar tufafin da tela ya rage musu sun sake matse su, awon jini kuma ya koma inda yake a dā. Wannan darasi zai nuna dalilin haka, da abin da iyali za su yi tare.

1. Me ya sa ƙiba take dawowa?

Akan ɗora laifin a kan kwaɗayi ko ragwanci, amma ba a nan gizo yake saƙa ba. Jiki yakan ɗauki raguwar nauyi kamar an shiga shekarar yunwa, sai ya tashi kāre ajiyarsa. Kitse yana fitar da wani sinadari mai suna leftin, wanda aka gano a 1994, shi ne yake shaida wa ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya a jiki. Tumbi kuma yana fitar da wani mai suna girelin, wanda aka gano a 1999, mai ta da yunwa. Sa'ad da kitse ya ragu, leftin yakan yi ƙasa, girelin ya hau.

A 2011 masu bincike a birnin Melbon na ƙasar Ostareliya suka buga sakamakon gwajin da suka fara da mutum 50. Cikin mako 10 mutanen suka rage kimanin kilo 13 kowannensu. Bayan shekara guda aka tarar sinadaran nan ba su koma daidai ba, mutanen kuma suna jin yunwa fiye da kafin su fara.

Akwai dalili na biyu. Jikin da ya ragu ba ya ƙone abinci kamar dā. A 2016 aka bincika mutum 14 a Amurka waɗanda suka rage nauyi mai yawa a wata gasar talabijin. Shekara 6 bayan gasar, yawancinsu sun mai da mafi yawan nauyin, jikinsu kuma yana ƙone kimanin kalori 500 a rana ƙasa da abin da ya dace da girmansa. Ko allurar rage ƙiba ta zamani ba ta kawar da wannan hali ba: wani bincike na 2022 ya nuna waɗanda suka daina allurar semagulutaid sun mai da kashi biyu cikin uku na nauyin da suka rage cikin shekara ɗaya.

Saboda haka wanda ƙiba ta dawo masa ba abin ba'a ba ne. Amma kuma wanda ya kai ga burinsa kada ya koma ga kwanonsa na dā, gama kwanon nan ya riga ya yi wa sabon jikinsa yawa.

2. Halin waɗanda suka yi nasara

A 1994 masana biyu a Amurka, Rena Wing da James Hill, suka buɗe rajista domin mutanen da suka rage aƙalla kilo 13 da rabi, suka kuma riƙe hakan shekara guda ko fiye. Waɗanda suka shiga sun wuce 10,000. Hanyoyin da suka bi wajen rage ƙiba sun bambanta, amma halinsu na bayan nan ya yi kama da juna. Kimanin kashi 90 cikin ɗari suna motsa jiki kusan awa guda kowace rana, yawanci tafiya da ƙafa. Kashi 78 suna karya kumallo kullum. Kashi 75 suna hawa sikeli aƙalla sau ɗaya a mako. Kashi 62 ba sa kai awa 10 a mako gaban talabijin. Ba wani asiri a ciki, sai naciya a kan ƙananan abubuwa.

3. Matakai a cikin gida

(a) A tsai da rana ɗaya a mako domin hawa sikeli, da safe kafin a ci abinci, a rubuta a littafi. In an ga ƙarin kilo 2, a gyara nan da nan, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

(b) A raba kwano: rabi ganye da kayan lambu kamar zogale, alayyafo, kabeji da kuɓewa, kashi ɗaya cikin huɗu wake, kifi, ƙwai ko nama, sauran kuwa tuwo, doya, acca ko shinkafa.

(c) A auna mai da cokali, kada a tsiyaya daga galan. Babban cokali ɗaya na manja ko man gyaɗa yana da kimanin kalori 120.

(d) A kula da abin sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada sukarin da babba yake sha a rana ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12, alhali kwalbar lemo ɗaya tana iya ɗauke da kusan 9. Kunu da zoɓon da aka cika wa sukari su ma a lissafa su.

(e) A yi tafiya. Hukumar ta ce babba ya yi minti 150 zuwa 300 a mako yana motsa jiki. Mai so ya riƙe nauyinsa ya nufi babban adadin. Zuwa kasuwa ko sujada da ƙafa yana cikin lissafi. Mai ciwon zuciya ko gwiwa ya fara neman shawarar likita.

4. Rabon iyali

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Uwar da ake dafa wa tukunya dabam, tana kallon maigida da yara suna cin soyayyen abu, ba za ta daɗe ba. Ya fi kyau dukan gida su ci daga tukunya ɗaya mai lafiya, yara kuma su tashi da wannan sabo. Dangi da maƙwabta su daina yi wa wanda ya rage jiki tambayar ko ciwo yake yi, ko mijinta ne ba ya kula da ita. A lokacin Kirsimeti da bukukuwan aure, kada a tilasta wa baƙo ƙari bayan ya ce ya ƙoshi. Wanda ya zarce a ranar biki kuwa, kashegari ya koma kan tsarinsa ba tare da fid da zuciya ba.

Kammalawa

Ko da wani ɓangare na nauyin ya dawo, wahalar ba ta tafi a banza ba. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2002 ya bi mutanen da suke gab da kamuwa da ciwon sukari. Waɗanda aka sa su nemi rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, tare da motsa jiki minti 150 a mako, kamuwarsu da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin ɗari. Ga mai kilo 90, wannan kilo 6 ne da ɗan kai. Riƙe wannan kaɗan ɗin shekara da shekaru ya fi a rage kilo 20 a mai da su kafin kaka.

Tambayoyi domin tattaunawa a gida

1. Waɗanne dalilai biyu ne suke sa jiki ya nemi mai da nauyin da ya rage?
2. Cokali nawa na mai yake shiga miyar gidan a rana?
3. Wane abu ɗaya ne kowa a gidan zai yi a wannan mako domin ya taimaki mai ƙoƙarin riƙe nauyinsa?