Shaho da Shirwa

A garin Dayi, cikin ƙasar Malumfashi ta Jihar Katsina, da wuya ka shiga gida ba ka tarar da kaji ko tattabaru ba. A bayan gida kuma sau da yawa akwai ɗan lambu, inda kurciya da baiwar Allah ke sauka su tsinci tsaba. Waɗannan tsuntsaye suna da abokan gaba biyu masu zuwa daga sama, wato shaho da shirwa.

Allah ya hore musu makamai uku: ido mai hangen nesa, da farata masu kaifi, da lanƙwasasshen baki. Da farata suke kamu, da baki kuma suke yagar nama.

Shirwa ba ta da wuyar ganewa, gama wutsiyarta a rabe take. In ta buɗe fikafikanta, faɗinsu ya fi ƙafa 4. Takan yi ta shawagi bisa gari, da ta hangi ɗan tsako ya yi nisa da uwarsa, sai ta kawo sura. Shi ya sa Hausawa ke cewa kaza mai 'ya'ya ke gudun shirwa.

Shaho kuwa iri-iri ne. Wani yakan laɓe cikin ganyen darbejiya ko mangwaro, ya faɗa wa tsuntsu ba zato. Wani kuma a sarari yake kamu. Akwai irin da in ya sulalo daga sama, saurinsa kan wuce kilomita 300 a sa'a.

To, yara, kada ku ce ba su da amfani. Suna cin ɓeraye da fara, shaho kuma yana kama jan baki, tsuntsun nan mai cinye dawa da gero a gona. Ashe ke nan wanda ya kashe su ya yi wa manomi ɓarna.

Dabara ita ce a tsare kaji. A kife 'yan tsaki da kwando, ko a sa su a akurki, har su yi ƙwari. A bar 'yan itatuwa masu duhuwa a lambu, domin ƙananan tsuntsaye su sami maɓoya.

Tambayoyi
1. Yaya ake gane shirwa?
2. Wane amfani shaho ke yi wa manomi?
3. Ta yaya za ka tsare 'yan tsakinka?