Wace Waya Ta Dace da Wutar Ƙaramin Robot?

Tambaya: Na haɗa ƙaramin robot mai taya huɗu da allon Arduino da batir 18650 guda biyu. Idan na ɗaga shi sama tayoyin na juyawa lafiya lau, amma da zarar ya hau tabarma ko ya ci karo da bango sai allon ya ɗauke, wayoyin kuma su yi ɗumi. Wutar ba ta wuce bolt 7.4 ba, to ina ruwanta da kaurin waya? Daga wani ɗalibi a Lafiya, Jihar Nasarawa.

Amsa: Madalla da wannan tambaya. Abin da kake son sani shi ne, me ya sa siririyar waya ta kasa ɗaukar wutar batir ƙarami, kuma wace ce za ta ɗauka.

Mu fara da inda mutane da yawa ke yin tuntuɓe. Bolt ma'aunin ƙarfin turin wuta ne, amfiya kuwa ma'aunin yawan wutar da ke bi ta cikin waya. Kaurin jan ƙarfen waya da amfiya ake zaɓensa. Bolt ruwansa da robar da ta lulluɓe ta. Leƙa garejin 'yan rewaya ka dubi wayar da ta tashi daga batirin mota zuwa kik. Bolt 12 ne kacal, amma kaurinta ya kusa na ɗan yatsa, domin lokacin tayar da inji amfiya fiye da ɗari ke ratsa ta.

Injinan da ke juya tayoyinka ba sa shan wuta iri ɗaya kullum. A sama, ba nauyi, kaɗan suke sha. Amma idan taya ta cije, kowane ɗaya daga cikin ƙananan injinan nan na iya jan amfiya ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Huɗu ke nan sun kai amfiya 6. Da wannan adadi na lokacin cijewa ake yin lissafi, kuma takardar bayanin injin takan faɗe shi.

Yanzu ga lambobin. A intanet za ka riƙa ganin AWG, ma'aunin waya na Amurka da ake amfani da shi tun 1857. Lissafinsa a juye yake: ƙaramar lamba ita ce waya mai kauri. Duk sa'ad da lambar ta sauka da uku, jan ƙarfen ya ninka sau biyu. 'Yan wayoyin nan masu launi-launi da ke zuwa da Arduino yawanci lamba 24 zuwa 28 ne, an yi su don kai saƙo tsakanin allo da na'urorin ji, ba don ciyar da inji ba.

Ɗauki lamba 26. Idan daga batir zuwa inji rabin mita ne, wutar za ta je ta dawo, mita ɗaya ke nan. A amfiya 6, wannan waya za ta cinye kusan bolt 0.8 ta mayar da shi zafi. Ɗumin da yatsanka ya ji ke nan. In allon da ke sarrafa injinan L298N ne, shi ma yana cin kusan bolt 2. Batirin kansa yana ɗan durƙusawa a lokacin. Idan Arduino na shan wuta ta wannan hanya, abin da ya isa gare shi ba ya riƙe shi, sai ya ɗauke ya sake tashi. Da lamba 18 kuwa, asarar ba ta wuce bolt 0.13 ba.

A shagunan kayan wuta na Lafiya da murabba'in milimita ake ciniki. Lamba 18 tana tsakanin 0.75 da 1, lamba 16 ta kusa 1.5, lamba 14 kuma ta ɗan gaza 2.5. Ka nemi mai murabba'in milimita 1 daga batir zuwa allon injinan, 0.5 kuma ta isa daga can zuwa kowane inji. Ka ce mai silli-silli kake so, wadda suke kira filezibul. Mai ƙarfe ɗaya ta aikin gida tana karyewa a jikin abin da ke jijjiga.

Kada kaurin roba ya ruɗe ka. Sa a feƙe bakin wayar, ka kankare silli ɗaya da reza. In cikinsa ya fito fari, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, kuma ba ya ɗaukar wuta kamar na ainihi. Ka tuna kuma da zafin Maris da Afrilu a Lafiya: wayar da ta fara aiki da zafi a jikinta ba ta da sauran wurin ƙara wani, don haka in kana shakka tsakanin biyu, ɗauki mai kaurin.

Saura abu biyu. Ka gajarta wayoyin, ka haɗa su da dalma maimakon murɗawa, domin sako-sakon haɗi ya fi siririyar waya yin zafi. Sannan ka sa fis na mota, mai amfiya 7.5, dab da jan kan batir. Batir 18650 na iya narka waya cikin daƙiƙoƙi idan ja da baƙa suka haɗu.

Bayan ka gama, danne tayoyin na daƙiƙa biyu ko uku, ka taɓa wayar. In ba ta yi ɗumi ba kuma allon bai ɗauke ba, aiki ya yi. Allah Ya ba da sa'a.